Babi na Bakwai: Idan Wutar Inji ta Kama

Motar tsere baƙuwa ce a Yawunde. Garin na tasi ne masu launin rawaya, tsofaffin Starlet da Carina da Corolla waɗanda kowane yaron gareji zai kwance ya ɗaura ko da tsakar dare. Amma jefi-jefi, a cikin cunkoson babban titin Briqueterie, unguwar Hausawa da muke taƙaitawa mu ce Birik, sai ka hangi wata gajeriyar mota mai kujera biyu, cikinta na neman taɓa ƙasa, tana lallaɓawa tsakanin masu babura da hayaƙin masu suya: BMW Z4, ko Mercedes SLK, ko Audi TT, ko Nissan 350Z. Tarihinsu kusan iri ɗaya ne. Wani ya hau ta shekara goma sha a Jamus ko Beljiyam har ya gaji da kashe mata kuɗi, aka loda ta a jirgin ruwa a Antwap, aka sauke a Duwala, aka tuƙo ta wajen kilomita 240 zuwa nan. Wanda ya saya yakan sha daɗinta na 'yan makonni. Wata safiya sai ta fara karkarwa a tsaye, ƙarfinta ya ragu a kan tudu, 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kama a dashbod ta ƙi mutuwa.

Daga nan ake fara jigila, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin gareji tsakanin Birik da Tsinga da Mokolo ya san yadda zancen ke tafiya. Makanike ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya ɗan taka totur, ya ɗago kai: "Alhaji, buji ne, sai an canza duka shida." Aka canza, bayan kwana biyu wuta ta dawo. "To bobin ne ke nan." Aka sayo bobin. Sai famfon mai, sai injekta, sai kwamfutar inji, har a wayi gari a ce wa bawan Allah sai an sauke injin baki ɗaya. Buji da bobin su ne fulogi da kwayil a bakin mutanen Kano, kuma gaskiya ne sau da yawa su ne masu laifin. Ba kuma cewa nake makanikan nan macuta ne ba. Akasarinsu sun koyi sana'a ne a kan motocin kafireto, inda kunne da hanci da tsawon gogewa ke wadatarwa. Abin da ke ɓata aikin shi ne canki-canka. A kan Starlet, in an canka ba daidai ba, asarar ba ta taka kara ta karya ba. A kan motar da kwayil ɗinta shida ne, kowanne da kuɗinsa, wani kayan ma sai an aiko daga Duwala ko Dubai, canka uku sun isa su cinye kuɗin makarantar yara.

Sai mu fara da abin da ake nufi idan an ce mota tana misin. A cikin kowace silinda abu huɗu ne ke haɗuwa kafin a sami ƙarfi: iska, da fetur daidai gwargwado, da matsin da fistin ke yi musu, da tartsatsin fulogi a kan lokacinsa. Gwargwadon sananne ne, kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur bisa nauyi. Tartsatsin kuwa aikin kwayil ne, wanda ke karɓar bolt 12 na batir ya mayar da shi bolt 20,000 ko fiye. Ɗauki injin M54 mai silinda shida, wanda ke cikin Z4 na farko da aka soma ƙerawa a 2002. Silindojinsa na tashi bi da bi a jeren 1-5-3-6-2-4, kamar mata suna lugude: da zarar guda ta tsallake bugunta, wanda ke bayan katanga ma zai ji giɓin. Idan injin yana juyi 3,000 a minti, kowace silinda na kamawa sau 25 a daƙiƙa, shidan gaba ɗaya sau 150. Misin shi ne wasu daga cikin waɗannan su tafi a banza, fetur ya shiga ya fita bai ƙone ba, saboda ɗaya daga cikin abu huɗun can ya gaza.

Kwamfutar inji ba ta ganin cikin silinda. Abin da take da shi wani faifai ne a jikin kiranshaf mai gurbin haƙora 60 da aka cire biyu, da sensa da ke ƙirga haƙoran suna wucewa. Duk silindar da ta kama takan ɗan ingiza kiranshaf gaba. Wadda ta ƙi kamawa kuwa sai gudun ya ɗan sassauta a daidai lokacinta. Wannan 'yar sassautawa kwamfuta ke kamawa ta ce lamba kaza ce. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, don duk sauran babin a kansa ya hau: kwamfuta ta san silindar da ta gaza, amma dalilin gazawar ba ta da labarinsa.

Ita kanta fitilar, ba don tausayin mai mota aka ƙirƙiro ta ba. Hayaƙi ne ya addabi birnin Los Anjelas, hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ta tilasta wa masu ƙera motoci tun 1988 su sa kwamfuta ta riƙa kunna wuta idan wani abu ya lalace da zai ƙara ƙazantar hayaƙi. Daga 1996 tsarin da ake kira OBD-II ya zama dole a kan duk sabuwar ƙaramar mota a Amurka, Tarayyar Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Shi ya sa fitilar kan kama don abin da bai kai ya kawo ba, kamar murfin tanki da bai rufu da kyau ba a motar da ta fito daga Amurka, kuma takan yi shiru alhali bakin mai ya kusa ƙarewa.

Kamawarta iri biyu ce. In ta kama ta tsaya cak, mota na tafiya lafiya, kana da sararin ka kai ta a duba cikin 'yan kwanaki. In kuwa tana ƙyaftawa, ka ɗaga ƙafa daga totur, ka nemi gefen hanya. Kwamfuta na lissafin misin a kowane juyi 200, kuma ba ta sa wutar ƙyaftawa sai ta ga yawansa ya kai ya ƙone katalis. Katalis wani dunƙulen tangaran ne mai dubban ƙananan huji a cikin salansa, an shafe shi da filatinam da faladiyam da rodiyam don ya tace hayaƙi. Ɗanyen fetur in ya iso shi, a can yake kamawa, zafi ya haura digiri 1,000, tangaran ɗin ya narke ya toshe hanya. Mutum ya ƙi sayen kwayil guda, ya ƙare da sayen abin da ya ninka shi sau goma. Ɗanyen fetur ɗin kuma yana wanke man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka bakin mai. BMW na wancan zamani na da wata dabara: in misin ya yi yawa sai kwamfuta ta datse wa silindar fetur har sai an kashe mota an sake tayarwa. Wannan ne asalin maganar nan ta "ai da na kashe na kunna sai ta warke". Ba ta warke ba, lissafin ne aka soma daga farko.

Na'ura da abin da take faɗa

A ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, akwai soket mai huji 16. Nan ake jona na'urar da garejin Yawunde ke kira baliz. Motocin Turai da suka girmi 2001 sau da yawa nasu daban ne, zagayayye a ƙarƙashin bonet, mai huji 20 a BMW, mai 38 a Mercedes. Akwai 'yar ƙaramar na'ura mai araha da ake kira ELM327, tana magana da wayar hannu, kuma ra'ayina shi ne duk wanda ya iya sayen motar tsere bai da hujjar rasa ta a aljihun mota. Tana karanta lambobin inji na gama-gari. Abin da ya shafi birki da giya da jakar iska kuwa sai manhajar gidan motar, irin su INPA ko ISTA ga BMW, Xentry ga Mercedes, VCDS ga Audi.

Lambobin misin ba su da wuyar haddacewa. P0301 silinda ta ɗaya ce, P0302 ta biyu, haka har P0306. P0300 na nufin misin ɗin na yawo, ko ya shafi silinda fiye da ɗaya. Tare da lambar, kwamfuta kan ajiye halin da inji ke ciki a daidai lokacin da abin ya faru: juyi nawa yake, ruwa ya yi zafi ko da sanyi, mota na tsaye ko tana gudu, an taka totur ko an sake. Wannan bayani ya fi lambar kanta daraja, kuma shi ne abin da ake fara zubarwa. Yaro ya jona baliz, ya latsa goge, wuta ta mutu, ya karɓi kuɗin "diyagnostik", kowa ya tafi yana murna. Kada ka yarda a goge komai sai ka ɗauki hoton allon da wayarka.

A ce an sami P0303. Kafin ka aiki kowa kanti, ka ce da makanikenka cikin girmamawa: "Malam, don Allah a mayar da kwayil na uku kan na biyar, fulogin na uku kuma a kai shi na ɗaya, mu gani." A injin BMW mai silinda shida a jere, ta ɗaya ita ce ta gaba, kusa da lagireto. Yanzu ne lokacin gogewa. A tayar, a zaga gari, a sake karantawa. In lambar ta koma P0305, kwayil ne. In ta koma P0301, fulogi ne. In ta tsaya a P0303, to ba ɗayansu, sai a juya ga injektar silindar, da wayar da ke kai wa kwayil wuta, da matsi. Aikin rabin sa'a ne, ba a sayi ko wasa ba, kuma ya raba gardamar da kan ci mako biyu. Makanike nagari ba ya jin haushin wannan roƙo. Wanda ya ɓata rai ya ce shekararsa ashirin a sana'a ba wanda zai koya masa aiki, ka sallame shi da alheri ka nemi wani.

Tun da an zare kwayil, a haska tocila cikin ramin fulogi. A tsofaffin motocin nan, robar murfin bawul kan bushe ta tsattsage, bakin mai ya tsiyaya ya taru a ramin, ya jiƙa robar kwayil, tartsatsi ya sami gajeriyar hanya ya bi ta gefe. In aka sa sabon kwayil ba a canza gaskit ba, an jefa shi cikin abin da ya kashe na farko. Wani lokacin kuma ruwa za a tarar. Masu wankin mota a garin nan na son burge mai mota, su buɗe bonet su saki ruwa mai ƙarfi a kan inji har ya yi ƙyalli. Motar da ta shiga wanki lafiya ta fito tana karkarwa, ba sai an jona mata na'ura ba. A zare kwayil, a busar da ramukan da iska. Haka wadda ta ratsa ambaliyar Abenu Kenedi da wajen babban gidan waya a ruwan Oktoba. A nan ma akwai abin da ya fi misin muni, domin motar tsere hancinta a ƙasa yake, in inji ya zuƙi ruwa sandar fistin ce ke lanƙwashewa.

Fulogin da aka ciro shi ma a dube shi. Baki ruwan toka ko ruwan ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce. Baƙin kunkunniya busasshe na nuna fetur ya yi yawa. Jiƙaƙƙe da mai na nuna ringi ko robar bawul sun saki. Wanda ya fito fes, ya fi 'yan'uwansa tsabta, shi ne abin tsoro, don tururin ruwan lagireto ne ya wanke shi. Wajen saye kuma a yi hattara, domin jabun NGK da Bosch da Denso sun cika kasuwannin Afirka, kwali da tambari ba su da maraba da na gaske. A nemi lambar da littafin motar ya faɗa, misali BKR6EQUP ga M54, a saya wurin wanda in ta ɓaci za a iya komawa gare shi. Mai SLK 320 ya sani injinsa fulogi biyu ne a kowace silinda, 12 ke nan. Ɗaya kan mutu ɗan'uwansa ya rufa masa asiri, sai a kan tudu abin ke tonuwa. Mai Audi TT kuwa ya fara zargin kwayil da hujja, don kamfanin da kansa ya canza wa dubban ɗaruruwan motoci masu injin 1.8T kwayil a 2003.

Lokacin da misin ke zuwa ma shaida ne. Wanda ke fitowa sai an taka mota a babbar giya tana ƙaramin juyi, yawanci na wuta ne, saboda matsi na ƙaruwa a silinda, tartsatsi na buƙatar ƙarin ƙarfi, raunannen kwayil ya kasa. Yawunde ta hutar da mu neman wurin gwaji: a hau hanyar Dutsen Febe a giya ta huɗu, a taka a hankali, in akwai rauni zai fito. Wanda ke zuwa a tsaye ya ɓace da an ɗan ƙara wuta, a nemi inda iska ke sata. Mercedes da ke mutuwa ɗif in ta yi zafi a cunkoson Mokolo, ta ƙi tashi sai ta huce, sensar kiranshaf ce kan gaba a zargi, kuma sau da yawa ko wuta ba ta kunnawa.

Inda aikin ya fi wuya shi ne P0300, musamman in ya zo da P0171 da P0174, masu nufin iska ta rinjayi fetur a ɓangarorin inji biyu. A nan canza kwayil zubar da kuɗi ne, don kwayil shida ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya. Abu guda ne da ya shafi kowa. A na'urar akwai wani adadi da ke nuna yawan fetur ɗin da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa don ta daidaita gwargwado. Lafiyayyen inji ba ya nisa da sifili. Abin da ya haura kashi 10 cikin 100 na neman bayani. In adadin ya yi sama a tsaye, ya sauko da an kai juyi 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Robar da ta yi shekara ashirin, rabi a sanyin Turai rabi a zafinmu, dole ta tsage, kuma a M54 babban bututun iska da ke bayan sensa da ƙananan bututun numfashin inji su ne suka yi ƙaurin suna. Hanya mafi tsabta ta gano tsagar ita ce a hura hayaƙi cikin bututun, inji a kashe, a ga inda zai ɓullo. Fesa fetur a kan inji mai zafi don a ji ko murya za ta canza, kamar yadda wasu ke yi, neman gobara ne. In kuwa adadin lafiya yake a tsaye, sai an taka ya yi sama, to fetur ne ba ya isa, ko sensar iska ce jar ƙurar rani ta rufe. Famfon mai ba a yanke masa hukunci da kunne. A ɗaura agogon gwaji, M54 na son matsin fetur na bar 3.5.

Shi kansa fetur ɗin abin tambaya ne. Motar da ta yi watanni tsakanin filin dillali da jirgin ruwa da tashar Duwala, abin da ke tankinta ya tsufa, ga raɓa ta taru a ciki. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta yi gobara ranar 31 ga Mayu 2019, tataccen man da ake sha a Kamaru daga waje ake shigo da shi, kuma farashin lita ya tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ya kai 840 a Fabrairun 2024, kananzir kuwa aka bar shi a 350. Wannan tazara kaɗai ta isa ta ja hankalin mai son gauraye. Kananzir na rage wa fetur juriyar matsi, injin tsere kuwa matsinsa babba ne, littafinsa na neman mai lamba 95 ko 98. Sensa za ta ji ƙwanƙwasa, kwamfuta ta ja lokacin tartsatsi baya, mota ta yi nauyi, in abin ya yi yawa ta fara misin. Wanda ya sha fetur ɗin bakin hanya da ake kira zuwa-zuwa a jarka a hanyar Garwa ko Marwa, sannan wuta ta kama, ya fara da tanki. A zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya kwanta. In da ruwa, zai taru a ƙasa.

Idan wuta lafiya, fetur lafiya, iska ba ta sata, kuma silinda ɗaya ta nace, saura matsi. A cire fulogi duka, a ɗaura agogo a kowane rami, a juya inji. Ba adadin ne abin dubawa ba kamar bambancin: silindar da ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tana da ciwo. A ɗiga mata ɗan bakin mai a sake gwadawa. In matsi ya tashi, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ne ko gaskit ɗin kan inji. Misin na sanyin safiya da ke ɓacewa bayan minti ɗaya, ga ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, labarin gaskit ne ko tsagewar kan inji. Sai an zo nan ne maganar sauke inji ke da wurin zama.

Bari in ɗan ratse kan wata al'ada da ke ba ni takaici, wato cire tamosta da zarar mota ta sauka, wai ai ta ƙasar sanyi ce. An ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90 ko sama, a Munik yake ko a Marwa. In an cire ta, a doguwar hanya inji ba ya kai zafinsa, kwamfuta ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara fetur, fulogi su yi baƙi, misin ya biyo baya. A cunkoso kuma cirewar ba ta hana zafi, don can aikin fanka ne da lagireto.

Duk abin da ya gabata na wutar ruwan ɗorawa ne. Ja ba a yi mata jinkiri. Jar butar mai in ta kama inji na aiki, a kashe nan take, ko a tsakiyar shataletalen Warda ne. Gara zagin 'yan tasi da bugun inji. Haka jar alamar zafi, don kan injin alminiyam ba ya yafe zafi ko sau ɗaya. Alamar batir na nufin caji ya tsaya, kuma a wasu daga cikin motocin nan bel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa, saboda haka in ta kama a duba allurar zafi a take. Raunannen batir kuma kan sa fitilu biyar su kama tare, na birki da na santsi da na inji, na'ura ta zubo lambobi rututu marasa tushe. Batir mai lafiya na nuna wajen bolt 12.6 a kashe, kusan 14 in inji na aiki. A fara da wannan kafin a kira mai wayarin ya fara yanke-yanke.

Ranar saye

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma yana da haƙƙin ya san girman hujin. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufo, kuma binciken da aka yi a Holan ya tarar wasu an riga an yanke musu katalis don ƙarafan da ke ciki. Irin wannan mota za ta riƙa ba da P0420 har abada. Za ta yi tafiya, amma wutarta kullum a kunne, ranar da sabuwar matsala ta zo mai ita ba zai lura ba.

Dillali ya san mai saye ba ya son ganin wuta, don haka akan cire ƙwan, ko a liƙe shi da baƙin salatif ta ciki, ko a goge lambobi da asuba. Biyun farko sauƙin kamawa gare su: murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, dole fitilar inji ta kama tare da sauran, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta fito ba sam, an taɓa ta. Na ukun na'ura ce ke tona shi. Bayan kowace gogewa, kwamfuta na buƙatar tafiya mai ɗan tsawo, da sanyi da zafi, kafin ta kammala gwaje-gwajenta na katalis da sensar hayaƙi, kuma har ta gama tana nuna ba su shirya ba. Motar da aka ce kullum ana hawanta, amma gwaje-gwajenta ba su shirya ba, ba a daɗe da goge ta ko cire mata batir ba, sai ka tambayi dalili. Mazda RX-8 kuwa, mai injin da ba fistin, ba na ba kowa shawarar saye sai an gwada matsinta da na'urar da aka yi don irin injinta.

Ka je da safe, ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, ka tayar da kanka, ka tsaya ka saurari minti na farko. Ka jona na'urarka kafin fita, ku hau tudu, ka sake jonawa bayan kun dawo. In mai sayarwa ya ce ba a jona wa motarsa komai, ko kullum ka zo ka tarar an riga an ɗumama ta, ka yi masa godiya ka koma gida da kuɗinka.